Ramin Ƙarya na Miliano

Ranar da labarin ya iske Argia, hannunta na cikin kwaɓin burodi. An yi kwanaki ana ruwa a kan dutsen, sai da asubahin ranar ya ɗauke, mijinta Miliano ya ja jakinsa ya fita aiki. Wajen tsakar rana ta ji an tsaya a bakin ƙofa, ba a buga ba, ba a yi magana ba. Da ta juyo sai ta ga Kawu Defendente mai kiwon awaki, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Tsohon nan ko a coci sai Fada, limamin cocin, ya harare shi yake cire hula.

Ya ce, "Argia, 'yata, wanke hannunki."

"Faɗi abin da ya kawo ka, Kawu. Kunnena ba ya cikin kwaɓi."

"Ramin Miliano ya rufta. Jakinsa na ɗaure a gindin bishiya, kwat ɗinsa na rataye a reshe. Na kira, na sake kira, ba a amsa ba."

Gabanta ya faɗi. Ta dafa tebur ta ce, "Wane ramin?"

"Na bayan tsohuwar hasumiya."

Sai numfashinta ya dawo. Har dariya ta taso mata, ta danne, ta sunkuyar da kai a kan kwaɓin don kada tsohon ya ga fuskarta. Ramin bayan hasumiya ramin ƙarya ne.

A San Piero, ƙauyensu da ke kan tsibiri, duk mai neman tomalin, wato dutsen ado mai daraja, rami biyu gare shi, ɗaya na aiki, ɗaya na idon mutane. Da safe zai ja jaki ya ratsa tsakiyar gari yana gaisawa da kowa, ya je na idon mutane ya ɗaure jakin, ya rataya riga, ya ɗan bubbuga dutse don a ji. In ya tabbata ba mai kallonsa, sai ya sulale cikin sarƙaƙiya ya nufi inda aikinsa yake. A can kuma, in ya ji gudumar wani tana ƙara a cikin dutse, sai ya ajiye tasa ya yi tsit har ƙarar ta wuce, kada a gane yana kusa. Kowa ya san kowa haka yake yi, amma ba a faɗa. Wanda ya ce a fili ramin wane na ƙarya ne, daidai yake da ya ce a bi sawun mutumin.

Kwat ɗin ma na marigayi mahaifin Miliano ne. Asu ya cinye bayansa, kuma ko hannu ɗaya na Miliano ba ya shiga.

Argia ta yi tunani. In ta buɗe baki yanzu, maza za su watsu a kan dutsen, wani ya ga inda Miliano zai ɓullo da yamma. Ga shi kwanan nan yana dawowa gida yana fito, yana cewa ya kusa, har ƙamshin abin yake ji. Ta ce a ranta, bari su haƙa, wahalar wuni ɗaya ce. Ta rufe kwaɓin, ta yafa mayafi, ta bi tsohon.

Kafin su kai hasumiya an kaɗa ƙararrawar coci, maza sun bar gonar inabi da sassaƙar dutse sun hau da diga da shebur. Ruwa ya kwance gefen tudun gaba ɗaya, ƙasa da manyan duwatsu sun cika ramin har baki. Wanda ya fi kowa zafin haƙa shi ne Cerbone, maƙwabcinsu da bango ɗaya ya raba gidajensu. Shi da matarsa Zelinda ne suka riƙe 'yar Argia ranar baftisma, tun daga nan mazan suke kiran juna kompare, matan kuma komare. Shi ma mai neman tomalin ne, shi ma da nasa ramukan biyu.

Zelinda ta riƙe hannun Argia ta ce, "Komare, yi kuka mana. In kika riƙe shi zai zauna miki a ƙirji."

"Zan yi in lokacinsa ya yi."

Idonta ba ya kan ramin, yana kan tudu, tana jira ta ga kan Miliano ya ɓullo daga sarƙaƙiya. Har ta tsara tsiyar da za ta yi masa: ga gari duka ya bar aiki yana neman ceton kwat ɗin babanka.

Rana ta faɗa teku bai ɓullo ba. Aka kwance jakin aka kawo mata gida. Ta gasa burodin, ta rufe masa miyar wake a gefen murhu. Da gari ya waye miyar na nan yadda ta bar ta, mai ya daskare a kai. Sai a lokacin abin ya zauna mata sosai. Ruwan da ya rusa ramin ƙarya, shi ne ya sauka a kan na gaskiya. Kuma ba ta san inda na gaskiyan yake ba.

Dutsen tsibirin toka-toka ne mai tauri, amma akwai fararen jijiyoyi da suka ratsa shi kamar kitse a cikin nama. Jijiyar ake bi. Mutum zai yi shekara yana bin ta da guduma bai samu komai ba sai baƙar tsakuwa. Wata rana kuma sai guduma ta yi ƙarar wofi kamar an buga tulu, wato an iso aljihu, ɗan kogo cike da farin yumɓu, a cikinsa duwatsun suke tsaitsaye kamar kyandir. Daga nan ba a sa ƙarfe, sai yatsa da tsinke. Sau ɗaya Argia ta taɓa ganin aljihu, a shekarar aurensu, da bakinsa ya yi wa hannun Miliano kaɗan ya kai ta ta zura nata. Ta dawo da murna ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya wa ƙanwarta, kafin Lahadi ta zagayo an kwashe ramin har yumɓun. Miliano bai zage ta ba. Cewa kawai ya yi, "Daga yau na hutar da ke. Abin da ba ki gani ba, ba za a ji shi a bakinki ba."

Tun daga nan abin da take gani na aikinsa shi ne abin da ya shigo gida. In ya samo dutse, kafin ya naɗe shi a gansakuka ya ajiye wa baƙin da suke zuwa saye daga birnin Firenze, sai ya ɗora shi kusa da murhu. Tomalin in ya ji ɗumi toka yake ja, ta tashi ta manne masa a ka kamar furfurar tsoho.

Yakan ce, "Duba, shi ma irinki ne. Da ya ji ɗumi sai kwashe-kwashe."

Ita kuma ta ce, "Da irinka ne, tokar ma gudunsa za ta yi."

Kullum da safe takan ƙulle masa burodi da cuku da busasshen ɓaure a wani ƙyalle mai ratsin shuɗi, ta ce, "In ka bar min ƙyalle a dutse kada ka dawo." Shi kuma ya ce, "Ni kika aura ko ƙyallen?"

Da safiyar nan ba ta ƙulla komai ba. Ta hau hasumiya ta tsaya a gaban masu haƙa.

"Ku dakata. Miliano ba ya cikin ramin nan."

Shebur suka tsaya. Ba wanda ya dube ta ido da ido, don abin da ta faɗa ba a faɗarsa.

"Wannan na idon mutane ne, kun sani, na sani. Kwat ɗin nan rabonsa da jikin mutum tun babansa na da rai."

Ulisse mai sassaƙar dutse ya jingina da digarsa ya ce, "To ina yake?"

"Ban sani ba."

"Mace ta tsufa a gidan miji ba ta san inda yake wuni ba?"

"Taka ta san naka, Ulisse? Kira ta mu tambaye ta."

Wani ya fara dariya, ya haɗiye. Cerbone ya share gumi ya ce, "Komare, da kunnena na ji shi yana bugu a nan jiya da safe."

"Kai ma ai kana bugu a naka kafin ka sulale."

Cerbone ya sosa ƙeya. Fada ya matso ya sassauta murya ya ce, "'Yata, baƙin ciki yakan sa zuciya ta ƙi abin da ido ya gani. Bari su gama da nan tukuna."

"Fada, kafin su gama da nan, shi ya gama a can." Ta juya wajen mazan. "Ku masu neman dutse, kowa ya faɗi inda jijiyarsa ta bi. Ba dutsenku nake so ba. Inda farar jijiya take, nan kusa zai kasance."

Kowa ya koma kallon takalminsa. Can wani ya ce, "Ni dai ramina wanda kowa ya sani ne." Sauran suka ce su ma haka.

Duk da haka ba su ƙi ta ba. Suka rabu biyu, wasu suka ci gaba da haƙa, wasu suka fita nema. Argia ta bi masu nema, nan ta ga yadda abin yake. In ayari ya nufi wani kwari, sai ɗaya ya ce, "Can ba komai sai ƙaya, na sha bi," ya karkatar da su. In suka nufi wani tudu, sai wani ya ce ƙasar can ba ta ɗaukar rami. Kowa na son a samu Miliano, kowa kuma na kare nasa wurin. Da yamma ta yi sun taka ko'ina a dutsen ban da inda jijiyoyi suke.

Cerbone shi kaɗai ya tafi gefen ƙauyen Sant'Ilario, wai Miliano ya taɓa yin suɓul da baka a wurin shan giya ya ce masa can yake aiki. Argia ta ce, "Kompare, Miliano ko ya bugu bakinsa ba ya suɓucewa. In ya faɗa, don ka ji ne." Ya tafi dai, bai samu komai ba, ya dawo ya ce to lallai kompare na ƙarƙashin ramin hasumiya, ya koma haƙa kamar mahaukaci.

Kwana ya bi kwana. Masu nema suka ragu, suka koma wajen masu haƙa, don ramin da ya rufta ana iya haƙa shi, dutse guda kuwa ba a san ta ina za a kama ba. Argia ta ci gaba da yawo ita kaɗai tana kira har muryarta ta dushe. Ƙaya ta yage mata siket, ta zane mata ƙafafu. In ta hau sama ta duba, gabas teku, yamma teku, kudu teku. Ba inda Miliano zai je. Yana nan a wani wuri ƙarƙashin ƙafarta, wataƙila ta taka kansa ta wuce. Takan kwanta ta ɗora kunne a kan dutse, ba ta jin komai sai bugun jininta.

Wata safiya tana neman abin da za ta ɗaura a ƙafa, hannunta ya faɗa kan ɗaya wandon aikin Miliano, wanda ya cire ba ta kai ga wankewa ba. Yumɓu ya bushe a gwiwoyinsa. Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta ɗauke shi da daro ta gangara wurin wankin gari, inda mata suke jere a bakin kwamin dutse.

Hira ta tsaya da suka gan ta. Ta ɗebi ruwa a daro, ta tsoma gwiwoyin wandon ta murza.

"Ku da kuke wanke kayan mazanku, ku zo ku duba."

Ruwan ya yi fari kamar madara. Da ya kwanta ta tsiyaye a hankali, sai ga wani ƙyalƙyali ruwan shunayya a ƙasan daron, siriri kamar ɓawon kifi.

"Wa ta taɓa ganin irin wannan a wandon mijinta?"

Matar Ulisse ta leƙa ta ce, "Nawa jar ƙasa yake kawo min, har hannu ta rina."

Wata ta ce, "Nawa ba ya kawo komai sai warin giya."

Ɗaya bayan ɗaya suka leƙa suka girgiza kai. Zelinda ba ta leƙa ba. Ta matse abin da ke hannunta, ta kwashe kayanta da rabi bai wanku ba, ta tafi.

Argia ba ta daɗe da komawa gida ba Zelinda ta shigo, ta tura ƙofa ta jingina da ita.

"Komare, in Cerbone ya ji daga bakina wannan ya fito, ban san abin da zai yi min ba."

Ta buɗe tafin hannunta. Ƙyalƙyalin nan ne, ruwan shunayya, ta kankaro shi daga naɗin ƙafar wandon mijinta.

"Tun bazara yake kawo shi. Ban taɓa sanin naki ma yana kawowa ba."

"Ina raminsa?"

"Ni ma irinki ce, ban sani ba. Amma akwai wani abu." Ta rage murya. "Tun da abin nan ya faru, in ya tashi daga haƙa da la'asar yakan zaga ya duba ko ruwa ya taɓa nasa. Yana dawowa yana zage-zage. Wai gari na can yana neman kompare, wani marar kunya ya samu sarari yana cin jijiyarsa ta ɗaya gefen. Wai yana jin gudumarsa a cikin dutse."

Argia ta ji ɗakin ya matse ta. Ta ce, "Ya amsa?"

"Kin san ba a amsawa. Zama yake yi shiru. Har takalmi yake cirewa kada a ji shi."

Ba su rufe ƙofa ba suka fita. Suka iske Cerbone a cikin ramin hasumiya har ƙugu, ya naɗe tafukansa da tsumma, tsumman ya jiƙe da jini.

Argia ta ce, "Kompare, fito."

"Mun kusa, komare. Yau in Allah ya so za mu kai ƙasa."

"Bugun da kake ji a raminka, yaya yake?"

Ya ɗago ya dubi matarsa, fuskarsa ta murtuke.

"Kada ka dube ta, dube ni. Yaya yake?"

Mazan da ke kusa suka daina haƙa. Cerbone ya yi kamar ba zai yi magana ba, sa'an nan ya ce a hankali, "Ba irin na mai sara ba ne. Yakan buga a jere, ya tsaya, ya sake. Na ce ko gwada dutsen yake yi."

"Kamar mai buga ƙofa?"

Shebur ya tsaya a hannunsa. Argia ta ga jinin fuskarsa yana janyewa.

"Jiya fa?"

"Jiya ba ƙarfi." Muryarsa ta karye. "Na ce ɓarawon ya gaji. Har na ce Allah ya ƙara masa."

Ya saki shebur. Ya fito daga ramin da rarrafe, ya miƙe, ya kama hanyar tudu da gudu. Gari duka ya bi shi. Tun da ake neman dutse a San Piero ba a taɓa ganin mutum ya ja jama'a zuwa raminsa da rana tsaka ba.

Ramin na wani ƙugun dutse a saman rafi, inda masu nema suka wuce sau da yawa. Cerbone ya watsar da rassan da ya rufe bakin da su, ya nuna da hannu ya ce jijiyar ta haura ta nan ta sauka bayan tudun. Sa'an nan ya ɗauki guduma ya shige ciki. Suka ji ya fara bugu, ya tsaya, ya sake. Ba amsa. Ulisse ya leƙa ya ce ya fito a zaga tare, ya ce ba zai fito ba sai an amsa masa.

Argia da sauran suka haura suka sauka bayan tudun. Ba komai sai sarƙaƙiya. Kawu Defendente ne ya tsaya ya nuna da sandarsa.

"Duk dajin nan kore ne bayan ruwa. Me ya busar da wancan?"

Rassa ne da aka sara aka jera, sun yi yaushi. A ƙarƙashinsu ga wani faifan dutse da aka jawo daga ciki aka rufe baki da shi. Suka ɗage. Ulisse ya shiga da fitila, bai yi nisa ba ya dawo da baya, ya ce rufin ya zame ya tare hanya, abin da ya rage ba kafaɗar namijin da za ta wuce.

Argia ta cire mayafi da siket ɗin sama ta miƙa wa Zelinda.

Fada ya ce, "'Yata, bari a faɗaɗa."

"Na gaji da bari, Fada. Ku ɗaura min igiya a ƙafa."

Ta shiga da jan ciki, tana tura fitilar a gabanta. Dutse a bayanta, dutse a ƙirjinta, ruwa mai sanyi yana bin hannun rigarta. A wurin da rufin ya zame sai da ta juya kai gefe, ta fitar da numfashi duka, sa'an nan haƙarƙarinta ya wuce. Ba a iya ɗaga kai, ba a iya juyawa. Ta kira sunansa, muryar ta dawo mata a fuska. Farar jijiyar na tafe a gefenta na dama, ƙyalƙyalin shunayya yana ƙaruwa a jikinta, sai ta bi shi.

Can sai ga Miliano. Takalmansa ba ta gani ba, don falalen dutse ya sauko ya danne shi daga cinya zuwa ƙasa. Ta matsa ta gefen falalen har ta kai inda kansa yake. Yana kwance a kan haƙarƙari, fuskarsa na kallon jijiya, guduma a hannunsa. Wurin da ya yi ta bugu ya lotsa kamar turmi, farin gari ya taru a ƙasa. Goran ruwansa ba komai. Leɓunansa fari fat da yumɓun da ya yi ta tsotsa.

A saman kansa aljihun ne a buɗe. Da hasken fitila ya shiga sai ga su nan a tsaitsaye, kore da ruwan hoda da masu baƙin kai, fiye da duk abin da ya taɓa kawowa gida tun aurensu. Ta duba sau ɗaya ta kawar da kai.

Ta taɓa wuyansa, ya yi sanyi. Ta cusa hannu ƙarƙashin hammatarsa don ta jawo shi jikinta, a nan ta ji sauran ɗumi, kaɗan, kamar na murhun da aka kashe da safe. A cikin rigarsa ta ji wani abu. Ƙyallenta ne mai ratsin shuɗi, a ninke tsaf, da dutse ɗaya a ciki.

Tana kwance haka sai ta ji bugu. Cerbone ne ta ɗaya gefen. Ƙarar na zuwa sarai, kusa, kamar daga ɗaki zuwa ɗaki. Ashe haka Miliano zai ji da an amsa masa. Ba ta san lokacin da ta zare gudumar daga yatsunsa ta buga a cikin lotsawar nan ba.

Bugun can ya tsaya. Sai ya dawo da sauri, ba tsari, da ƙarfi, ta kuma jiyo murya a toshe cikin dutse tana ihu, "Kompare! Kompare, ga ni nan!"

A nan kukan ya zo. Ta kifa fuska a kafaɗar Miliano ta yi shi, Cerbone na can yana bugu yana murna, har aka fara jan igiyar ƙafarta.

Ta gefen Cerbone aka fasa aka fito da gawar Miliano. Aikin bai kai su faɗuwar rana ba. Aka binne shi a bayan coci, gari duka ya zo, ba wanda ya iya duban wani. Maza suka kwashe aljihun da yatsa da tsinke, suka naɗe kowane dutse a gansakuka, suka kawo mata a kwando ba wanda ya ɓata. Da su ta ci abinci shekaru, in baƙin Firenze sun zo ta miƙa ɗaya ba tare da ta kwance ta kalla ba.

Da bazara ta dawo, sai ga maza suna ratsa gari da jakuna, sai ga riguna a rataye a rassa. Ulisse ya haƙa sabon ramin idon mutane a gefen hanya, an ce ya fi na gaskiyan kyau. Cerbone ne kawai bai koma ba. Ya shiga sassaƙar dutsen gini, yakan ajiye mata itace a bakin ƙofa ya wuce ba magana. Bai taɓa ɗaga wa Zelinda murya a kan abin da ta faɗa ba. In shi da Argia suka haɗu a lungu, yakan ce, "Komare," ta ce, "Kompare," kowa ya raɓa bango ya wuce.

'Yarta da ke aure a ƙetaren teku ta yi ta aike a kan ta komo wurinta. Sau ɗaya ta haɗa kaya, ta zauna a kan ƙunshin har rana ta yi tsaka, sa'an nan ta kwance. Ba ta son garin, ba ta kuma iya barinsa. Duk tagar da ta buɗe dutsen ne a gabanta.

Dutsen da ke cikin ƙyallen ba ta ba kowa ba. Kore ne a gindi, ruwan hoda a tsakiya, baƙi a ka, bai wuce ɗan yatsanta ba. Yana kan kantar murhu, in wuta ta kama sai toka ta taso ta manne masa, ita kuma ta goge da ƙyallen.

Yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta hawa tudu. Amma kullum da safe in ta hura wuta, kafin ta ɗora tukunya, takan ɗauko gudumar Miliano daga bayan ƙofa ta buga bangon da ya raba ta da maƙwabta, ta tsaya ta saurara. Yawanci Zelinda ce take amsawa, da cokalin itace, a hankali. Wani lokaci kuma Cerbone ne. Tana gane hannunsa, don shi ba ya jira ta gama bugawa.